Gem Mai Rijiya

Zazzaɓi ne ya kwantar da Zuwaira bayan azahar, waya a kan ƙirji. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta ƙwace wa yayanta Tasi'u magana, abu ɗaya ya rage a bakinsa: "Mai rijiya." Ita kaɗai ta gane. Wani gem ne da suke bugawa a telebijin suna yara, kaset ɗinsa ko takardar suna babu. Ta yi masa alkawarin nemo shi, ko Allah zai sa harshen ya saki. Ta zaga shagunan gem, ta baza cigiya a intanet: yaro ne yake shiga rijiya ɗauko gugar innarsa. Dariya kawai ake yi mata, wai wane kamfani ne zai ɓata lokacinsa a kan guga.

Fanka tana juyawa, idonta ya yi nauyi. Sai tabarmar da take kwance a kai ta zama fili kore shar, sama tana ɗan rawa irin ta tsohuwar telebijin. Gaba kawai ake tafiya a wurin, duk inda ta wuce sai bayanta ya rufe.

A bakin wata rijiya ta tarar da kaset ɗin zaune kamar dattijo, yana tari.

"Hura ni," in ji shi.

Ta hure masa ƙura yadda suke yi a da. "Baba, yaya sunanka?"

"An yage. Sauka ki tambaya."

Ta sauka. Ruwan rijiyar a sama yake rataye, ƙasa kuwa busasshiya. Wata tsaka riƙe da fitilar ƙwai ta shige gaba ba ko sallama, har suka isa wata ƙofa. Rubutu ne a jikinta, irin na mutanen gabas mai nisa, haruffan suna yawo kamar tururuwa.

"Karanta min," in ji Zuwaira.

"Ban iya ba. A gidanku ma babu wanda ya iya."

"Yaya Tasi'u ya iya mana! Shi yake fassara mana."

"Ɗan aji huɗun?" Tsakar ta gyara lagwani.

Haruffan suka tsaya cak. "Me ya ce mun ce?"

"Ya ce kun ce Inna tana jira, kada a ji tsoron duhu."

"Mu dai cewa muka yi a danna maɓalli."

Gugar tana gefe a kife. Ta yi gyaran murya. "Ni a ƙasarmu hular yaƙi ce. Yayanki ne ya mai da ni guga, kuma ban taɓa jin haushi ba."

Zuwaira ta ji kunya, ta ji dariya, sannan tausayi ya taso ya danne su duka. Ita ce mai tsoron duhun.

Ƙofar ta buɗe da kanta. Ga Tasi'u yana yaro, zaune a gaban telebijin da gajeren wandon makaranta. Bai waiwayo ba, ya miƙo mata abin bugawar ta kan kafaɗa.

"Raina ya ƙare," ya ce. "Ke ce."

Wuta ta ɗauke.

Firgigit ta farka, jiƙe da gumi, waya tana ruri. Matar Tasi'u ce.

"Kin samo kuwa? Tun safe yake ta faɗa."

"Anti, kanga masa wayar a kunne."

Ta ji numfashinsa, mai nauyi. Ba ta shirya komai ba.

"Yaya, ni ce. Yaron ya isa ƙasan rijiya, sai ya ga ƙofa. Da ya buɗe, sai ya ga... sai ya ga wani rago yana sayar da shayi."

Ta duba ko layin ya yanke. Can muryar ta fito, a karkace, da ƙyar.

"Ƙarya kike."