Wutar da Waya Tac Cinye

Shekarar da Turawa sunka kwashe kayan aikinsu daga bakin gulbin Rima, sun bar tsohhin injinan wuta biyu Wurno. Maccido manomin albasa na, amma ya yi soja Bama, don haka shi 'yan lambu sunka tura shi zaɓo musu guda. Famfon da za shi ja musu ruwa shina can fadama, inji ko tilas shi zamna tudu cikin gari saboda ambaliya. Waya za ta haɗa su.

Baturen injiniya yay yi mai bayani ta bakin tafinta. Wutar wanga inji miƙewa takai gaba ɗai, ba ta waiwaye. Ta wancan kai-da-komo takai, amma ita aka iya ɗaga ma ƙarhi da akwatin ƙarhe, ta yi nisa ba ta rage ba. Maccido yay yi murmushi. Shi da yat tashi da korar ruwa cikin kwamin albasa za a gaya ma wanga zance? Ruwan da ka zuwa shina komowa, yaushe za shi kai ga shuka? Yaz zaɓi mai miƙewa. Bature yaɗ ɗaga kahwaɗa yash shige mota. Ko maimaitawa bai yi ba, tunda albasar ba tashi ta ba.

Abin takaici, mutane sun yarda da Maccido ƙwarai. Jigunan da suka jan ruwa da su tun kakanni sunka tumɓuke, anka yi turakun waya da itacen. Sunka dasa albasa har inda jigo bai taɓa kaiwa ba.

Ran da anka tada inji, ƙwan hitilar da ke kusa da shi har ido shika kashewa. Can fadama ko, famfo yay yi gurnani, yaƙ ƙi juyawa. Maccido yab bi waya da ƙahwa shina taɓawa, yaj ji ta da zahi. Ashe nan wutar ka ƙarewa, bisa hanya.

Ba abin da bai gwada ba. Dashe yay yi ja, yak kwanta. Kunya tah hana shi ratsa kasuwa.

Wata sahiya yat tarar da wanshi Lauwali, tsoho da ciwon baya, shina jido ruwa da masaki daga gulbi. Maccido yak kai hannu shi karɓa.

«Bari, Maccido,» in ji Lauwali. «Wanga kwami ya riga ya mutu. Don kar in zamna gida yara su dube ni nika zuba mai.»