Ƙwaya Huɗu a Bakin Kwalekwale

Ni ce mai riƙe sandar awo a ƙauyenmu, wanda yake bakin dam ɗin Tiga ta ɓangaren Tudun Wada. Sunana Hamdiyya. Aji huɗu na firamare na tsaya, kuma ko a cikin mata ba na iya ɗaga murya. Malama Zaituna, ma'aikaciyar lafiya da take zuwa mana da maganin tsargiya duk shekara, ita ta zaɓe ni. Ta ce aikin ba ya son surutu. Mutum ya jingina da sanda, in duba launin da kansa ya kai, in ƙirga masa ƙwayoyi daidai tsawonsa. Shi ke nan.

Babana, Malam Balarabe, masunci ne. Ni ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Sai dai ya ce "ke", ko ya ce wa Inna, "Gaya wa waccan." Ni ma ban taɓa haɗa ido da shi ba.

Shekara uku a jere yana karɓar magani, amma fitsarin jinin bai tafi ba. Ya rame, har jan taru ya fara gagararsa. A zuwanta na bana, Malama Zaituna ta duba fitsarinsa a na'urarta, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Baba, ƙwan tsutsar suna nan kamar ba ka taɓa shan komai ba," in ji ta. "Abin da nake tsoro shi ne a ce tsutsar ta daina jin maganin. In haka ne, aiki ya same mu, don kusan shi kaɗai muke da shi. Ka sake sha, bayan mako huɗu in dawo in duba. In suna nan, sai mu kai maganar Kano."

Baba ya jingina da sanda, na duba ba tare da na kalli fuskarsa ba. Ƙwaya huɗu. Ƙa'ida ita ce a haɗiye a gabanmu, amma ba a shan maganin nan da yunwa, su kuma masunta daga ruwa suke fitowa ciki ba komai. Saboda haka kullum ƙulle musu muke yi a leda su tafi da shi. Ni kuwa wace ce da zan ce wa ubana ya buɗe baki in gani?

Washegari da hantsi Inna ta dama kunun tsamiya ta cika kwano. "Kai wa babanki bakin ruwa, ya sha kafin maganin. Na ga ledar a aljihunsa tun jiya."

Na same su sun fito, shi da abokin jirginsa Baba Sale, wani dogon mutum daga tsallaken ruwa, ɓangaren Bebeji. Shekara ashirin suna kamun kifi a kwalekwale ɗaya. Suna tsugune suna raba kamu yadda suka saba: Baba ya ɗauki karfasa ya jefa can, "Naka," ya jefa wata nan, "Nawa." A wurin masuntanmu, duk abin da ya shiga jirgi na mutum biyu ne. Ko goro ɗaya ne sai an ɓare shi.

Na ajiye kwanon na koma gefe. Suka shanye kunun tare, ludayi na zagayawa. Sai Baba ya zaro ledar, ya goge katakon bakin kwalekwale da hannun riga, ya zube ƙwayoyin.

"Naka," ya tura ɗaya. "Nawa. Naka. Nawa."

Kaina ya yi wani irin dum. Biyu da biyu! Shekara uku!

"Baba, kar ka haɗiya!"

Ban san ni na yi ihun ba sai da na ga belbelu sun tashi daga kan ciyawa. Baba ya tsaya da ƙwaya a bakin leɓe. Baba Sale ya waiga baya, yana neman mai maganar.

"Balarabe, ashe 'yar taka tana da murya? Ni na ɗauka bebiya ka haifa!"

"Don Allah ku tsaya," na ce. "Kar kowa ya sha. Ina zuwa. Don Allah kar ku motsa."

Na kwasa a guje. Takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo, ban tsaya ba. Malama Zaituna tana makarantar firamare tana ɗaure kwalaye a bayan acaɓa, za ta wuce Kiru. Na fizgi sandar awo daga jikin bango.

"Hamdiyya, lafiya? Wa ya mutu?"

"Malama, ba tsutsar ba ce! Rabawa suke yi! Biyu yake sha!"

"Wa? Me ake rabawa? Yi numfashi mana!"

Na kasa bayani, sai hannunta na ja. Muka ratsa tsakiyar gari, ni a gaba da sanda a kafaɗa da takalmi ɗaya. Matan da ke shanya kifi suka bar tabarminsu suka biyo mu.

Mun tarar da su inda na bar su, ƙwayoyin nan huɗu a jere a kan katako, biyu nan, biyu can. Malama Zaituna ta kalle su, ta dafe kai, sai kuma ta fashe da dariya har da hawaye.

"Baba! Tun yaushe?"

"Tun farko," in ji Baba, ko a jikinsa. "Ciwo ɗaya muke yi. Ranar da ake rabon magani a garinsu yana kan ruwa tare da ni. In sha in bar shi? Ai ba a yi wannan jirgin ba."

"Ni ma na ce masa ɗacinsa ya yi wa mutum ɗaya yawa," in ji Baba Sale.

Malama ta durƙusa a gabansu, ta ce, "Allah ya saka da zumunci, amma ku saurare ni. Rabin magani raunanan tsutsotsi kawai yake kashewa. Masu taurin kan su tsira, su ci gaba da zuba ƙwai, ƙwan su bi fitsari su koma cikin ruwan nan. In aka daɗe ana haka, abin da ake tsoro shi ne a wayi gari masu taurin kan ne kaɗai suka rage, ko an sha cikakke ba za su ji ba. Ba ku kaɗai ba, duk mai shiga ruwan nan."

Baba Sale ya riƙe haɓa. "Wato kiwonsu muke yi."

"Kiwonsu kuke yi. Hamdiyya, auna shi."

Na kafa sandar a kan yashi. Baba Sale ya cire malafa ya miƙe, kansa ya wuce launin ƙarshe.

"Biyar," na ce, da ƙarfi, kowa ya ji.

Mata suka sa shewa. "Biyar, kana shan biyu! Dogo, ai ko wuyanka ba su kai ba!"

Na ƙirga masa biyar a tafin hannu. Na tattara huɗun nan na miƙa wa Baba da hannu biyu, kaina a ƙasa. Sai na tuna aikina, na ɗago. Na tsaya ina kallon maƙogwaronsa har ta huɗun ta wuce. Daga nan masunta suka fara fitowa biyu-biyu suna sosa ƙeya. Ashe jirgi bakwai ne ke wannan rabon. Malama ta sauke kwalayenta, ta ce Kiru sai gobe. Inna da maƙwabta suka ɗora tukwanen kunu, kowa ya sha, ya haɗiye nasa a gabana.

Mako huɗun nan, kullum sai na ƙirga kwanaki a yatsuna. Ranar da Malama ta dawo, na tsaya a bayanta ina murɗa bakin hijabina. Ta leƙa na'urar, ta gyara, ta sake leƙawa.

"Zo ki gani da idonki."

Na sa ido ɗaya. Haske ne kawai, fari tas.

"Babu ko ɗaya," in ji ta. "Na Baba Sale ma haka. Maganin yana aiki! Amma tunda ruwa za su koma, baɗi ma sai sun sha, cikakke."

Ban san lokacin da na daka tsalle ba. Na sake gudu zuwa bakin ruwa, wannan karon da takalmi biyu. Suna tsugune suna rabo. Na faɗa musu, ina haki. Baba Sale ya jefa malafarsa sama yana kabbara. Baba kuwa bai ma ɗago ba. Ya ci gaba da jefa kifi.

"Naka. Nawa."

Sai ya zaɓi wata ƙatuwar tarwaɗa, ya share wuri a kan yashi wajen ƙafata, ya ajiye ta.

"Na mai sanda."