Ranar da Waya Ta Faɗo a Titin Citpur

Nibaran Das ya yi shekaru yana tuƙa tarago mai dawaki a titunan Kalkata ta ƙasar Indiya, kafin kamfani ya sallami dawakin, ya ɗaura waya a sama, ya ce daga yanzu lantarki ne zai ja. Aka koya masa murɗa hannun tagulla da ɗaure birki, aka ba shi layin Citpur. Ya iya aikin, amma hankalinsa bai taɓa kwanciya da shi ba. Doki in zai yi tutsu kunnensa ke fara nunawa. Wannan abu kuwa sai gurnani a ƙarƙashin ƙafa da shuɗin tartsatsi a bisa kai.

Wata rana da hantsi cikin damina, ruwa ya tsinke kamar da bakin ƙwarya, titi ya cika har idon sawu. Nibaran na lallaɓawa, tarago maƙil da mutane, sai iska ta ɗauko kwanon rufin wani shago ta maka wa wayar. Ji ya yi tas! Wayar ta tsinke, bakinta ya faɗo cikin ruwa dab da matakalar gaba, yana tsalle yana feshin wuta. Tarago ya tsaya cak.

Daidai nan wani keken doki ya fito daga lungu. Nibaran ya buɗe baki zai yi ihu, amma ya makara. Dokin ya sa ƙafa kusa da wayar, ya sandare, ya kife. Ko shurawa bai yi ba. Mai keken ya daskare a kujerarsa, linzami a hannu.

Kururuwa ta ɓarke a cikin tarago, kowa ya yi ƙofa. Abu ɗaya Nibaran ya tuna daga wanda ya koya masa tuƙi: in waya ta faɗi, kada kowa ya taka ƙasa. Bai tambayi dalili ba a lokacin. Ya tare ƙofa, ya riƙe katakon gefe da gefe, ya ƙwala wa kwandastansa kira.

"Moksed-bhai, ɗan'uwa! Tare ta baya! Kada ka bar ko mutum ɗaya ya sauka!"

Haridasi mai tallan kifi ce ta fara isowa, kwando a ka, ta bangaje shi da kafaɗa.

"Kauce mini, ɗan nan! So kake mu soyu a nan kamar kifi a kasko?"

"Didi, yayata, don girman Uwa Kali da muke bauta wa ki koma ki zauna."

"Ka tabbata a ciki wutar ba za ta same mu ba?"

Bai tabbata ba. Jira kawai yake ya ji wutar ta ratso katakon da yake kai.

"Na tabbata," in ji shi.

Na baya suka turo, kwandon ya suɓuce ya zube a titi. Kifayen da ransu suke. Suka ɗan yi tsalle a ruwan, sai ga su sun juyo da farin ciki sama, suna yawo a gindin matakala. Haridasi ta kalle su, ta ja da baya, ta zauna a ƙasan tarago. Babu wanda ya sake motsi.

Moksed ya yi ta ɗaga murya har wani mai shago ya ruga ya kai labari tasha. Fasinjoji suka zauna suna jira, ruwa na dukan rufi, wani dattijo na ambaton Allah, wasu na kiran abar bautarsu Durga. Can wayar ta yi tsit, amma ba wanda ya yarda da ita, sai da masu gyara suka iso da tsani da safar roba, suka naɗe ta.

Mutane suka sauka ɗaya bayan ɗaya ta ƙofar baya. Nibaran kuwa ya kasa sakin katakon, sai da Moksed ya ɓamɓare yatsunsa.

"Nibaran-da, yayana, sake mana, ai ba a ɗaura muku aure da ƙofar ba."

Ya kawo masa shayi a ɗan kofin yumɓu, Nibaran ya shanye. Da ya je gida zazzaɓi ya kwantar da shi. Da ya warke ya koma bakin aiki, amma duk ranar da hadari ya haɗo, kafin ya kai wurin nan sai ya rage gudu, fasinjoji na masa tsiya wai da ƙafa ma sun fi shi sauri.