Gwiwar Nagoggo a Gaban Suruki

Shekara uku ke nan Nagoggo tana salla a zaune. Ita da ta durƙusa ta karɓi haihuwar rabin matan unguwarsu a Gadarif, ta kuma yi kaka ashirin tana yankan riɗi a gonakin Simsim, yau gwiwoyinta sun ce ba da su ba. Abu ɗaya take roƙo, ta sake kai goshinta ƙasa kafin ta mutu.

Ana nan sai lajnar unguwa, wato kwamitinta, ta yi shela a lasifikar masallaci cewa likitoci sun zo bincike kan ciwon gwiwa a jikin matan da suka haihu da yawa, kuma duk wadda aka samu da ciwon za a yi mata allura kyauta. Sai da 'yarta Ma'u ta kira maƙwabciya suka cicciɓe ta suka ɗora a keken jaki.

Zamani ne na tsoron Allah a hukumance, don haka an rataya labule tsakanin maza da mata, an kuma yi alkawarin mace ce za ta duba mata. Sai dai a ranar Sista Salwa, wadda aka sa ta duba matan, naƙuda ta kama ta, kuma duk asibitin mai jin Hausa ɗaya ya rage. Da aka ɗaga labulen, wa Nagoggo za ta gani riƙe da takarda da agogo? Maliki, ma'aikacin asibitin, mijin Ma'u. Mutumin da shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa cin ko dabino a gabansa ba.

Ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa a ƙasa. Ta ja tobinta na lulluɓi ta rufe har yatsun ƙafa. Da ya tambayi yawan haihuwa ta ce abin da Allah ya ba da; ya rubuta goma sha biyu, don ya sani.

"Inna, gwiwar fa? Takardar ta ce a faɗi ciwon, daga sifiri zuwa goma."

"Kwayyis, lafiya lau, ɗan nan. Ba komai, alhamdu lillahi."

Ya san ba haka ba ne, kullum Ma'u tana gaya masa. Amma ƙa'ida ta ce a rubuta abin da mara lafiya ya faɗa, shi kuma ba a haife shi ya ƙaryata surukarsa ba. Ya rubuta sifiri.

Saura gwaji: ta tashi daga kujera sau biyar ba dafawa, ta taka zuwa bango ta dawo. Na rantse ban san inda tsohuwar nan ta samo ƙarfin ba. Ta tashi, ta zauna, ta tashi, gumi yana tsiyaya, hawaye yana bin kumatunta, amma ko wash ba ta ce ba. Da Maliki ya ɗaga kai sau ɗaya da ya gani. Ina! Yaro ne mai tarbiyya, agogo da takalminsa kawai yake kallo. Aka saka ta a rukunin masu lafiya, waɗanda ake gwada marasa lafiya da su.

Bayan wata shida ya zo gaishe ta, ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya ce shugaban binciken, Daktor Abdelrahman, ya ba da misali da ita a taron likitoci: tsohuwa mai haihuwa goma sha biyu, gwiwa garau, shaida ce cewa aikin gona yana kare mata. An yi tafi sosai. Allura biyu ma suka rage, aka mayar da su Khartum don ba a samu mai buƙata ba.

"Madalla," in ji Nagoggo. "Allah ya yi albarka."

Ta jira sai da ta daina jin takunsa, sannan ta jawo kujerarta ta juya ta gabas, don an kira la'asar.