Babin Kan Kifi

Shekara arba'in da 'yan kai ina roƙon Allah Ya kawo gobarar da za ta cinye littafi na bakwai na Abba ba tare da ta taɓa kowa ba. Ranar da amsar addu'ar ta zo, a cikin jakar wata yarinya mai gilashi ta zo, har da shayi na ba ta.

Abba, mahaifina, shi ne Master Motaleb Sarkar, shugaban wata makarantar firamare a nan Rajshahi, Allah Ya jiƙan sa. Shi ya rubuta littattafan Jhuma da Pintu, guda goma sha biyu, waɗanda duk wanda ya yi yarinta kafin talabijin ta shiga gidaje ya karanta. Pintu yaro ne fari, mai hankali, mai ɗaukar na ɗaya. Jhuma yayarsa ce, baƙa, ga ci ga surutu, ita ce kullum ke aikata laifin da za a koyi darasi a kansa. To, ni ce Jhuma. Sunana na gaskiya Dilruba, amma bawan Allan nan ko sunayen da ake kiran mu da su a gida bai ga damar canzawa ba. Ranar da dangin mijina suka zo gani na, uwarsa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Au, ita ce ta kan kifin?" Kowa ya yi dariya, har da ni, don ba yadda na iya.

Ga yadda aka yi. Ina shekara takwas, Pintu yana bakwai, gobe zai yi jarrabawa. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Amma, ta dafa kifin rui, ta ware kan a kwano ta rufe. A gidanmu, kamar kowane gida, kan kifi na namiji ne, wai shi ke ƙara ƙwaƙwalwa. Ni kuwa na ga ƙwaƙwalwar Pintu ta ishe shi, tawa ce ake ta kuka da ita. Na shiga kicin na tsotse kan nan tas, har idanun.

Abba ba ya duka. Wannan shi ne abin alfaharinsa, har a bayan kowane littafi an rubuta: marubucin da bai taɓa ɗaga hannu a kan yaro ba. Sai ya tara gida ya ce daga yau har kwana bakwai kada wanda ya yi wa Jhuma magana. A ba ta abinci, a yi mata wanka, amma ko sunanta kada a kira.

A littafin, babin nan shi ne mafi ban dariya. Jhuma ta je tana yi wa akuya hira, tana ba bishiyar mangwaro labari. Ta kama bakin zanen sari na uwarta, uwar ta zare a hankali ta ci gaba da tsintar shinkafa. Rana ta bakwai ta zo ta taɓa ƙafafun uban don neman gafara, ya yi murmushi, har da hoton murmushin. Iyaye daga ko'ina suka riƙa aiko wasiƙun godiya, wai sun gwada a kan nasu 'ya'yan, ya yi aiki. Allah kaɗai Ya san yara nawa suka yi ta kiran uwarsu a banza saboda ni.

Yarinyar mai gilashi sunanta Tanzila, daga kamfanin da ke buga littattafan a Dhaka. Za a sake fitar da su saboda cikarsu shekara hamsin, kuma sai ni da Pintu mun sa hannu.

"Khala, mun ɗan goge musu ƙura ne," in ji ta, tana fito da takardu. Khala take kira na, wato inna. "Kin san iyayen yanzu."

"Na san su. Ni na haifi biyu daga cikinsu."

Ta fara jerowa. An cire duk inda aka ambaci baƙin Jhuma. Moyna mai aikin gida ta daina cin abinci a ƙasa a bakin ƙofa, yanzu a tebur take zama, har tana zuwa makarantar yamma. Uwar yaran ta zama malama. Maƙwabcinmu ɗan Hindu ya daina zama marowaci.

Na ce, "Madalla. Moyna ta mutu ba ta taɓa ɗora mazaunanta a kujerar gidan nan ba, amma tunda kun zaunar da ita, Allah Ya ba da lada."

Ta yi murmushin wanda bai san ko yabo aka yi masa ko zagi ba. Sannan ta rage murya, ta miƙo min shafi uku daban.

"Wannan ni da kaina na rubuta, Khala. Ina ƙarama babin nan ya sa ni kuka. Na ce in dai na girma sai na gyara miki shi."

Na karanta. Jhuma ta cinye kan kifi. Uban ya ɗora ta a cinyarsa, ya ce ashe an daɗe ana zaluntar ta, kan kifi ai ba na namiji kaɗai ba ne. Washegari ya sayo kifi biyu. Pintu ya ci jarrabawa, ita ma ta ci tata. An rubuta shi da kyau, ba laifi, har da irin kalmomin Abba.

Ya kamata in yi guɗa. Abin da nake roƙo ke nan tun ina ɗaure gashi da ribbon ja. Amma sai na ji kamar na dawo daga kasuwa na tarar an share ɗakina an zubar da kayana. Na ce ta bar takardun, zan kira ta.

Tana fita na buga wa Pintu. Yanzu shi Dakta Mostafiz ne, a Chittagong, da tumbi da sanƙo, amma a wurina Pintu ne har a hura ƙaho.

"Apa, ni tuni na sa hannu," in ji shi. Apa yake kira na, wato yaya. "Ke ma ai hutu ne a gare ki. Ba ke ce kullum kike ƙorafin littafin ba?"

"Ƙorafin abin da aka yi min nake, ba littafin ba."

"Wane abin da aka yi miki? Haba Apa, labari ne fa. Abba marubuci ne, ƙirƙira yake yi. Ni dai ban tuna an taɓa yin haka a gidanmu ba."

"Ina za ka tuna? Kai ai ana yi maka magana."

"Kin ga halin naki ko? An tsufa ba a daina ba. Mutumin da ko marin ki bai taɓa yi ba."

"Pintu, ka ci sa'a kana Chittagong."

Ya yi dariya, ya ce ana jiran sa a asibiti. Na ajiye wayar. A nan na gane abin da ke damu na. Abba ya mutu, Moyna ta mutu, akuyar ma an yi layya da ita tun zamanin da. Pintu ya ce ba a yi ba. Shaidar da ta rage min a duniya ita ce littafin nan da na tsana, inda mai laifin ya rubuta komai da hannunsa, yana ganin abin kirki ya yi. In aka gyara shi, to ni ce maƙaryaciya, wata tsohuwa mai riƙon uban da ya saya mata kifi biyu.

Saura mutum ɗaya. Mahaifiyarmu Amma tana baranda, inda take wuni tun da ƙafafunta suka ƙi. Shekarunta sun haura tamanin, idanun sun tafi, kunnen kuwa yana nan garau in ba maganar magani ake yi ba. Ba mu taɓa yin zancen babin nan da ita ba, ko sau ɗaya. A gidanmu mun iya shiru, an koya mana.

Na ja kujera na ce, "Amma, bari in karanta miki abin da yaran Dhaka suka rubuta."

Na karanta mata sabon. Ta saurara, tana gyaɗa kai, tana murza carbi. Da na zo wurin cinya da kifi biyu sai ta yi murmushi.

"Allah sarki," ta ce. "Haka yake, mutum mai sanyin hali."

Wallahi ji na yi kamar ta watsa min ruwan zafi. Na tashi na shiga ɗaki, na buɗe tsohon kabad ɗin Abba, na zaro na asalin, mai jar fata da hoton yarinya baƙa tana lasar yatsa. Na dawo na tsaya a kanta kamar malamar aji.

"To ga wannan kuma, ko za ki gane shi."

Na fara da ƙarfi, yadda maƙwabta ma za su amfana. Na karanta kicin, na karanta kwano, na karanta Abba ya tara gida. "Daga yau har kwana bakwai, kada wanda…"

"Tara," in ji Amma.

Na ɗago. "Me?"

"Kwana tara aka yi."

"Amma, ga shi nan a rubuce. Ni aka yi wa, ni zan fi kowa sani. Bakwai ne."

"Ke littafin kika haddace, Jhuma. Ni ranakun na ƙirga." Ta ajiye carbin a cinyarta. "Bakwai ya ce da farko. Rana ta bakwai ya zauna yana jiran ki zo ki ba da haƙuri, ba ki zo ba. Tun rana ta biyar kin daina kiran kowa. Kin shige ƙarƙashin gado, ko akuyar kin daina yi wa magana. Sai ya ce taurin kai ne, a ƙara biyu. Rana ta tara ni na jawo ki da hannu na kai ki ƙafafunsa, na danna kanki. Ba ki ce komai ba. Sai da kika ƙara kusan mako kafin muka sake jin muryarki."

Na zauna. Na lalubi kwana biyun nan a cikin kaina, babu su. Akwai akuya, akwai mangwaro, akwai murmushin Abba kamar yadda mai zane ya zana shi.

"To me ya sa ya rubuta bakwai?"

"Ya ce in iyaye suka ga tara za su ce ya yi tsanani."

Na yi dariya, irin wadda ba daɗi. Ashe Tanzila ba ita ce ta fara goge ƙura ba, an riga ta da shekara arba'in da wani abu.

"Kin san duk wannan," na ce, "amma ɗazu kika ce min haka yake, mutum mai sanyin hali?"

"Na yarinyar Dhaka ya yi daɗi," in ji ta. "Na so in ji shi ko sau ɗaya." Ta miƙa hannu tana laluben inda nake, ta kama bakin sarina. "Kin ga wurin da na zare zanena daga hannunki? Wannan bai rage komai ba. Haka na yi. Kullum in aka karanta a rediyo sai in fita tsakar gida."

Ban zare ba. Muka zauna haka har mai sayar da kayan miya ya wuce da kekensa yana kira, ba wadda ta amsa masa.

Bayan la'asar na kira Tanzila. Na ce Moyna ta ci gaba da zamanta a tebur in suna so, wannan tsakaninsu da ita ne. Maƙwabci ma ya yi ta kyautarsa. Amma babin kan kifi a bar shi yadda yake, in ba haka ba su nemi wata Jhumar ta sa musu hannu.

"Khala, ni don ke na yi," in ji ta, muryarta kamar za ta yi kuka.

"Na sani, 'yar nan, Allah Ya yi miki albarka. Kina da biro a kusa? Gyara ɗaya nake so. Duk inda ya ce bakwai, ki mai da shi tara. Ki cire inda ta zo da ƙafarta, uwarta ce ta jawo ta."

Na ji tana buɗe shafuka.

"Amma Khala, ai haka ya fi muni. Ba uwar da za ta iya karanta wa ɗanta wannan."

"Ba komai," na ce. "Ta karanta wa kanta."