Kwanon da Maman Clara Ta Mayar

"Maman Ƙasimu, ga kwanon ki."

Na ɗaga murfin. Masata ce yadda na zuba ta, ko gefe ba a gutsura ba. Maƙwabciyata Maman Clara na tsaye a ƙofata tana haki, duk da tsakanin gidana da nata katanga ɗaya ce.

Tun da muka zauna a layin bayan tashar jirgin ƙasa, kwano bai taɓa dawo mini haka ba. In na aika masa, ya dawo da gwaten acca. Da Sallah nawa ya tafi, da Kirsimeti nata ya zo. A garin nan, ka mayar wa mutum abincinsa, ka zage shi ke nan ba tare da ka buɗe baki ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Wani laifi na yi miki, Malama?"

"Kin yi. Dukan ku kun yi. Ba ni kujera."

Ta zauna, ta cire silifas, ta warware bandeji. A ƙarƙashin babban yatsanta akwai miki, gefensa ya yi baƙi.

Sunanta Mildred, 'yar Manchok, malamar firamare ce da ta yi ritaya. A da, in ta shiga keke mai ƙafa uku, ita kaɗai ke cika kujerar baya, kuma ita ke fara yi wa kanta dariya. Ciwon suga ya sa ta a gaba, sai 'yarta Clara, wadda ke aikin nas a Abuja, ta kai ta aka yi mata tiyatar rage tumbi. Ta dawo tana zubewa har zaninta ya koma zagaya ta sau biyu, suga ya sauka. Ita tana murna, gari yana jaje. Wa zai yarda mutum da hankalinsa ya kai kansa a yanka don ya rame? Aka fara raɗe-raɗin cutar nan da ba a son kiran sunanta. Matan zumuntar cocinsu suka zo da addu'a da kwanuka, mu ma ba a bar mu a baya ba. Loma kaɗan ke ƙosar da ita, amma kunun zaƙi da lemon kwalba ba sa neman izinin tumbi. Ga ta da kunyar ƙin abin hannun mutane, sai ta yini tana tsakura. Da ƙibar ta fara dawowa muka ce, "Yawwa, yanzu kika dawo mutum."

"Dokta ya ce in suga bai sauka ba, za su yanke shi daga nan," ta ce, tana nuna ƙasan gwiwa. "Kin ga yadda Baban Clara ya tafi da ƙafa ɗaya. Ni kam da biyu zan tafi. Ba zan je gaban Ubangiji ina tsalle-tsalle ba."

Na tuna mijinta marigayi Rufus da sandunansa.

"To ki faɗa wa mutane mana."

"Na faɗa har baki na ya gaji. Ba su jin Hausa, ba su jin Turanci. Yaren kwano kawai suke ji."

A makon nan ba kwanon da bai koma gidan mai shi ba. Har na Mama Hephzibah, matar fasto, wadda ta daka mata sakwara da hannunta. Baiwar Allahn nan ta daina gaishe ta, a coci ma ta sauya benci. Wannan ya ci Maman Clara a rai, na same ta tana hawaye, amma washegari da wani kwanon ya zo, shi ma ya koma.

Ni kuwa da ma bakina ba na aro ba ne. Na dasa kujera a ƙofarta, duk wadda ta doso da kwano in tare ta. "Mene ne a ciki? Kunu? Kai wa jikokinki. In kina son ta, kawo zogale ko busasshen kifi. In ba ki da su, kawo ƙafafunki ki raka ta tattaki." An zage ni, an ce ni Maijidda na zama maigadi ba albashi. Ko a jikina.

Ta koma ganin likitanta a kai a kai, ya sauya mata magani, ya haɗa da wata allura. Abincinta ya koma cikin ɗan farantin kofin shayi, kifi da ganye tukuna, acca daga baya. Da mikin ya rufe, ta fara bin gefen layin dogo da safe. Wani watan sikeli ya hau, ta yi masa faɗa kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba, ta ci gaba. Ba ta koma siririya ba, amma ta daina haki. In wani ya ce, "Ayya, Malama, kin rame," sai ta ce, "Amin, na gode, kai ma Allah ya ba ka." Wata safiya na hango Mama Hephzibah biye da ita a gefen dogo, suna tafiya tare.

Shekaru suka shige haka. Bana, a bikin godiyar kaka a Manchok, an ce ta yi rawa da matan zumunta har 'yan mata suka zauna suka bar mata fili. Ta dawo tana ba ni labari, har da tashi ta gwada mini takun a tsakar gida.

Ranar Litinin da la'asar muna ɓarar gyaɗa a inuwar katanga, ta ce, "Maman Ƙasimu, ƙirji na ya yi nauyi." Na ruga neman keke mai ƙafa uku. Kafin mu isa asibiti ta cika, kanta a kafaɗata. Likita ya ce zuciya ce. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Ranar da za a kai ta Manchok, Clara ta riƙe hannuna. "Mama, ki shigo a shirya ta da ke. Da tana nan, ke za ta kira."

An ɗaura mata zanin zumunta, an gyara ɗankwali. Mama Hephzibah ta fito da farar safa daga jaka, ta miƙo mini ɗaya.

"Maijidda, riƙe wancan. Ni zan yi wannan."

Na ɗaga ƙafar dama. Tabon mikin yana nan, ɗan fari, a shafe sumul. Mama Hephzibah ta dube ni, idonta jawur, amma murmushi take yi.

"Ta cika maganan ta," ta ce a hankali. "Biyu."

Muka sa mata safar, muka jera ƙafafun gefe da gefe, na ja bakin zanin ya tsaya daidai idon sawu.