Sahu Uku na Rumbun Haliru

"Ku sauke su," Baba Labbo ya ce. "Sahu ukun na sama, duka."

Yana kan kujerar roba ne, mutum biyu suka ɗauko shi daga gidansa zuwa tsakar gidana, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Sati guda ke nan da aka sallamo shi daga asibiti a Gusau, irin sallamar da kowa ya san ma'anarta. Shi ne shugaban maginan garinmu Kekun Waje, har Tsafe ake zuwa ɗaukarsa. Rumbun da ake magana a kai nawa ne, damman gerona kuwa suna jibge a waje, gara ta fara shinshinarsu.

Bashar, babban ɗansa, mutum mai furfura a gemu, ya sauko daga tsani ya durƙusa.

"Baba, mi ya samu ginin?"

"Sahu nawa kunka ɗora jiya?"

"Uku, Baba," Bashar ya ce. Ka'idar ginin rumbu, sai sahun ƙasa ya sha rana ya ɗaure kafin a ɗora masa wani. Su kuwa uku suka ɗora a yini guda, kuma duk mun san dalili. So suke tsohon ya ga an ɗora jinka kafin ya cika, don shi ya kafa gindin rumbun da hannunsa kafin ciwo ya kwantar da shi.

Ni ma da hannuna a ciki, ba zan ɓoye ba. Ni na ƙara musu tuwo da fura don su yi sauri, kuma ba tsohon kaɗai nake tunani ba, har da gerona.

"Baba Labbo," na ce, "ai ginin ya yi kyau. Ko gwamna ya gani sai ya tsaya."

"Haliru, kai dai noma ka iya." Ya nuna da haɓa. "Dibi cikinai ta gabas. Ya fara kumbura. Damina biyu, sai ka kwashe geronka cikin laka."

Na duba, ban ga komai ba. Bashar ya duba, ya sunkuyar da kai.

"Don ku munka yi, Baba," ya ce. "Muna so ku gani."

"Na ga rumbu ya fi ɗari uku, wanga ba zai ƙare ni da komi ba. Amma kai za a tambaya in ya tsage, kuma mutanen ga bakinka za su riƙa kallo daga yanzu. In ka ce ya yi, to ya yi. Ya yi?"

Magina shida suna tsaye da laka a hannu. Bashar ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe, ya hau tsani, ya sa hannu ya ɓamɓaro lakar da ya shafa jiya, ta faɗo tim.

"Bai yi ba," ya ce wa sauran. "Ku hawo."

Raina ya ɓaci, na shige ɗaki na bar su. Ta taga na ga tsohon yana kallonsu suna rushewa, fuskarsa sake kamar mai kallon jikoki suna cin abinci.

Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, saura sahu biyar. Na yi kuka a maƙabarta fiye da yadda na zata, har da kunyar shigewata ɗaki.

Bayan sadakar uku Bashar ya zo da mutanensa, suka ɗora sahu ɗaya, suka wanke hannu. Rana ko tsaka ba ta yi ba. Ya dube ni, yana jiran in yi ƙorafi.

Na kira Lantana, matata, muka fitar da gado da akwatuna, muka shigar da damman geron ɗakina ɗaya bayan ɗaya. Na shimfiɗa tabarmata a zaure. Maginan suna zaune a inuwar itacen bedi, lakar tana shan rana.